Tabarma a Ofishin Dakta Doyle

Griffith, Yuli

Zuwa ga Dakta Marian Doyle,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gidanki. Ni ne Kelepi Havili, yayan Akanesi, mutumin da ya tashi ya bar ofishinki ana tsakiyar zama. Na yi ta kiran wayarku, na'ura ce ke amsawa, ni kuma ba na faɗa wa na'ura abin da ke cikina. Shi ya sa na ɗauki biro. Turancina na gonar lemo ne, amma zai iya ɗaukar abin da zan faɗa.

Ranar da kika kira ni kika ce ke ce likitar da ƙanwata ke zuwa wurinta don damuwar da ke ranta, kuma tana bukatar danginta, ban tambaye ki komai ba. Na jingine tsani ana tsakiyar tsinkar lemo, na wuni a hanya zuwa Sydney. Na sa baƙaƙen kaya, na ɗaura tabarmar makoki a ƙugu yadda muke yi a Tonga, domin jaririyar da Akanesi ta haifa babu rai ba ta daɗe a ƙasa ba. Na ɗauka addu'a za a yi.

Na tarar kin ture kujeru jikin bango kin shimfiɗa tabarma. Saƙar Fiji ce, ba tamu ta Tonga ba, amma bar wannan. Kin cire takalmi. Kin karanta addu'a da harshenmu daga takarda, kina karya kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ban yi dariya ba. Na ce a raina, wannan baiwar Allah ta yi ƙoƙari.

Sai kika juya kika ce, "Akanesi, faɗa wa yayanki abin da kika faɗa mini game da ranar haihuwar." Ta sunkuyar da kai. Sai kika ce bari ki buɗe mata hanya, kika fara da bakinki. Maganar jikinta. Maganar ɗakin aurenta, ita da mijinta Taniela, wanda ko wurin ba ya nan. Ba zan rubuta kalmomin ba. Na ji su sau ɗaya, kuma ko sau ɗayan bai kamata ba.

Dakta, ina ɗan shekara goma aka ɗauke shimfiɗata daga ɗakin da ake kwantar da Akanesi, aka mayar da ni bukkar samari a bayan gida. Daga ranar ban taɓa zama a kan gadonta ba, ban taɓa yafa zanenta ba. In muna kallon talabijin aka nuno namiji da mace sun matsa kusa da juna, ni ke tashi in je duba man mota. Ba don ba mu shaƙu ba. Na girme ta sosai, ni na riƙe ta bayan rasuwar babanmu, amma ita mace ce ni namiji, saboda haka a al'adarmu tana sama da ni, kuma akwai abin da kunnena bai isa ya ji a kanta ba. Yaron da bai iya ɗaura wando ba a garinmu ya san wannan.

Kin biyo ni har bakin matakala kina cewa, "Kelepi, na san da wuya, amma tana bukatar ka tsaya ka ji." Tsayawar ita ce cin mutuncin. Fitar da na yi ita ce kaɗai suturar da ta rage zan iya ba ta. Ke kuwa na ga idonki, kin riga kin yanke cewa gudu na yi.

Tun ranar ba ta ɗaga wayata. Ni kuma ba na iya shiga gidanta, don ban san inda zan ajiye idona ba. Kafin ki taɓa mu tana da ciwo, tana da yaya. Yanzu ciwon ne kawai ya rage mata. Ki faɗa mini wa ya koya miki wannan aikin, kuma me kike shirin yi.

Allah ya kiyaye ki.
Kelepi Havili

*

Sydney, Yuli

Zuwa ga Mista Havili,

Ina gaishe ka, ina kuma godiya da ka rubuto maimakon ka yi shiru. Na karanta wasiƙarka da natsuwa, na kuma ga ranka ya ɓaci ƙwarai.

Dole in fara da iyakar da doka ta sa mini. Ba ni da ikon tattauna lamarin wanda nake dubawa da kowa, ko da ɗan'uwansa ne. Abin da zan iya shi ne in bayyana maka yadda nake aiki.

Ba na gayyatar kowa zama sai na nemi izini. Na nema, an ba ni.

Ka tambayi wa ya koya mini. Na daɗe ina wannan aiki a yammacin Sydney, kuma a yawancin shekarun nan mutanen tsibirai irin naku kan zo sau ɗaya, su yi godiya cikin ladabi, ba su ƙara dawowa. Abin ya dame ni. Bara na yi kwas na musamman kan aiki da iyalan Pacific, kuma waɗanda suka koyar da mu 'yan tsibiran ne da kansu. Abin da suka fi nanatawa shi ne, rufe mutum shi kaɗai a ɗaki da baƙo ɗabi'ar Turawa ce, a wurinku mutum ba ya warkewa a bayan idon danginsa. Shi ya sa na kawar da kujeru. Shi ya sa na koyi addu'ar. Idan na karya kalmomin, ka yi haƙuri.

An ambata mana cewa akwai kunya tsakanin 'yan'uwa maza da mata. Ban ɗauka ta kai yadda ka bayyana ba. Sai dai zan faɗa maka abin da na sha gani a aikina. Sau da yawa shirun da iyali ke kira girmamawa shi ne abin da ke cin mai ciwo. Ba na cewa haka ne a gidanku. Ina cewa aikina ne in tambaya.

Idan kana son kai ƙorafi, hukumar da ke sa ido a kan aikinmu tana karɓa, na rubuta adireshinta a bayan wannan takarda. Haƙƙinka ne, ba zan riƙe ka da shi ba.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙon ka karanta shi da kyau. Ba zan iya faɗa maka wanda ke zuwa wurina da wanda ya daina zuwa ba. Amma idan kana da hanyar ganin ƙanwarka ido da ido, ka gan ta a makon nan.

Tare da girmamawa,
Dakta Marian Doyle

*

Griffith, Agusta

Dakta,

Gaisuwa, tunda an koya mini ba a fara magana babu ita.

Ashe kin san sirri. Yau ne doka ta hana ki faɗa mini lamarin ƙanwata. Ranar da kike zazzage mini shi a kan tabarmar Fiji, dokar ta tafi hutu ne?

Kin ce an ba ki izini. Na san izinin, ko da ba na wurin. Kin tambaya, ta kalli ƙasa, ta ce, "Yadda kika gani, Dakta." Haka muke amsa wa fasto, haka muke amsa wa likita. Da 'yan kwana-kwana kika ce za ki gayyato, abin da za ta ce ke nan.

Kuma babu wata ƙasa mai suna Pacific. Ruwa ne. Na ba abokaina labarin kwas ɗinki a wurin shan kava, abin shan da mazanmu ke taruwa a kansa, ban faɗi a kan wa ba. Tsoho Semisi ya ajiye ƙoƙonsa ya ce, "Kwas na kwana nawa? Ni tun ina da gashi nake auren 'yar Samoa, har yau ban ci jarrabawar farko ba." Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Kin ce in je in gan ta. Na je. Lemon farko na kowace kaka nata ne, kafin ko ɗaya ya shiga gidana. Na kai kwali biyu, na tsaya a bakin ƙofa, hannuna ya ƙi ƙwanƙwasawa. Na ajiye na juyo. Shekaranjiya Taniela ya kira ni ya ce, "Kelepi, lemonka na nan inda ka bar shi, ƙudaje sun kafa coci a kai. Ta ce kada kowa ya taɓa." Na ce tana cin abinci? Ya ce kaɗan. Ya ce amma ya ga alamar sauƙi. Ta tashi tana ta gyaran ɗaki, ta raba manyan tabarminta na aure ga 'ya'yan dangi, ta ba wata yarinyar coci fararen kayanta na Lahadi, har da littafin waƙoƙinta. Ya ce rabon da ya gan ta a natse haka tun kafin haihuwar. To kin ji. Kuma ba da taimakonki ba.

Muna da namu maganin, ba sai an yi kwas ba. Matata Losa za ta sauka wata mai zuwa, asibiti sun ce mace ce. Dama Akanesi ce za ta raɗa suna, ita ce gwaggo. Na yanke shawara ba suna kaɗai za ta ba ta ba. Za mu ba ta yarinyar ta zama tata. Haka aka yi wa kakarmu lokacin da nata ya rasu, aka kawo mata babanmu daga gidan ɗan'uwanta, ta kuma tashi. Mu gidanmu cike yake da yara, ita hannunta babu kowa. Losa ta yi kuka, ta ce, "Kai da Baturiyar nan aji ɗaya kuka yi? Ita ta shimfiɗa tabarma, kai za ka shimfiɗa 'yata." Amma za ta yarda, ta san al'ada. Na riga na ce wa Taniela ya sanar da ita.

Ba zan kai ƙorafi ba, ba takarda nake nema ba. Ki bar mu kawai.

Sai wata rana.
Kelepi Havili

*

Griffith, Agusta

Dakta Doyle,

Na gaishe ki, don Allah na gani, ba don ke ba.

Na ce ki bar mu. Amsarki ita ce 'yan sanda a ƙofar ƙanwata. Ina kan tsani labarin ya same ni, daga bakin wani ɗan tsibirin Ha'apai na ƙasarmu da ko sunanta bai iya faɗa daidai ba. Ya ɗago kai ya ce, "Kelepi, an ce an kama 'yar'uwarka. Me ta ɗauka?" A gidanmu ɗan sanda bai taɓa taka ƙofa ba, ko can gida, ko nan.

Taniela ya ce asibiti sun riƙe ta saboda gajiya da rashin barci. Gajiya ake turo wa 'yan sanda? Na ba ki labarin samun sauƙinta don ki ji kunya, kika ɗauke shi kika sare ta da shi.

Na ce ba zan kai ƙorafi ba. Na canja. Na juya takardarki na kwafi adireshin, na kuma aika.

Ba sai kin amsa ba.
Kelepi Havili

*

Mount Druitt, Sydney, Agusta

Dakta Doyle,

Ina gaishe ki. Akanesi ce. Daga gida nake rubutowa, asibiti sun sallamo ni.

Kin turo mini mutane. Mata biyu ma'aikatan asibiti da jakunkuna, da motar 'yan sanda a bayansu, da rana tsaka, a ranar da matan cocinmu ke taron ɗinki a gidan da ke kallon nawa. Kafin su rufe ƙofar mota labari ya kai Nuku'alofa, babban birnin Tonga. Matar mai wa'azi ta fito da almakashi a hannu tana cewa, "Akanesi, ɓarayi ne?" Na ce, "A'a, baƙi ne daga wajen likitata. Ita haka take, ba ta iya ganina sai da taro."

Na san yadda aka yi. Kelepi ya rubuta miki cewa na raba tabarmina, shi yana murna, ke kika karanta abin da ke ciki. Mijina da ke kwana gida ɗaya da ni bai gani ba. Yayana bai gani ba. Ke kika gani, daga wasiƙar mutumin da ke zaginki. Ba zan ce kin yi kuskure a wannan ba. Na riga na gama shiri, har na zaɓi rana. Wannan ne ya fi komai ba ni haushi, domin na so in tsane ki hankali kwance.

Yanzu ki saurara, tunda sauraro ne sana'arki.

Kin san dalilin da ya kawo ni wurinki? A cibiyarku akwai 'yar Tonga mai irin aikinki. An ba ni sunanta, na ƙi. Mamarta da mamata ƙungiyar waƙa ɗaya suka yi. Na zaɓe ki ne don ke Baturiya ce, ba ki san kowa nawa ba, ba ki san ni 'yar wane ce ba. Tun daga ranar da aka binne 'yata gidana bai rabu da mutane ba. Sun zo da abinci, sun zo da waƙa, sun kwana a falo, sun yi mini duk abin da ya kamata, ina kuma godiya. Amma babu kusurwa ɗaya da zan zauna in ce ina jin haushin Allah, ko in ce ba na son a taɓa ni, ba tare da maganar ta zama ta dangi ba. Ɗakinki mai kujeru biyu shi ne wuri na farko a rayuwata da na zama ni kaɗai. Ina son kujerun nan. Aikin kula da tsofaffi nake yi, wuni nake a tsaye da durƙuso, bayana ciwo yake yi. Na zo na tarar kin kwashe su kin shimfiɗa mini tabarma.

Kin tambaye ni wa ya fi kusa da ni, na ce Kelepi, gaskiya ce. Kika ce ko mu gayyato shi. Fuskarki tana haske kamar ta yarinyar da ta haddace karatu tana jira a tambaye ta. Ban ce a'a ba. Ban taɓa ce wa likita a'a ba, ban san yadda ake yi ba. Amma ke da kika iya karanta rabon tabarmi daga nesa, kika kasa karanta fuskar da ke gabanki? Ba ni kike kallo ba ranar. Kwas ɗinki kike kallo.

Shi kuma yayana yana can yana faɗa da ke a kan mutuncina, kamar mutuncin nawa filin ƙwallo ne. Yanzu zai aiko mini jaririya a madadin tawa, yadda ake sauya kwalin lemon da ya ruɓe. Kowa na da maganina a aljihu. Ke da taron dangi, shi da 'yarsa. A cikinku babu wanda ya tambaye ni sunanta.

Yayar Taniela ce ke da haƙƙin raɗa mata suna, ta ce ba ta ga amfanin ɓata suna mai kyau a kan wadda ba ta yi numfashi ba. Ni na raɗa mata, ni kaɗai, a ɗakin haihuwa kafin su ɗauke ta. Ke kuma kika yi ta ce mata "rashin da kika yi." Ba rashi ba ce. Mutum ce, mai gashi da yawa kamar babanta.

Asibiti sun ce dole in ci gaba da ganin wani. Sun ba ni sunaye, ban zaɓa ba tukuna. Ban yi miki alkawarin komai ba.

Ki huta lafiya.
Akanesi

*

Sydney, Agusta

Akanesi,

Ina gaishe ki. Na ji daɗin ganin rubutun hannunki fiye da yadda zan iya faɗa.

Na rubuta amsa mai tsawo cike da bayani, na yaga ta, domin bayanin don kaina na yi shi. Ga abin da ya rage.

Na gayyato yayanki ba tare da na tabbatar kina so ba, na kuma faɗi abin da naki ne a gabansa da bakina. Ko da babu al'adar Tonga a duniya, wannan laifi ne a aikina, na kuma faɗa wa mai duba aikina haka. Turo mutane gidanki kuwa, ba zan ba da haƙuri a kansa ba. Na roƙi kada a zo da motar 'yan sanda, ba a saurare ni ba, abin ya dame ni. Amma da za a maimaita, zan sake kira.

Sunayen da asibiti kan bayar na san yawancinsu, ƙwararru ne. Idan kin zaɓi ɗaya daga ciki kin yi daidai. Abin da ba zan so ba shi ne ki zauna babu kowa.

Kujerun sun koma wurinsu. Lokacin zama na ranar Alhamis da hantsi na ajiye shi, ba na ba kowa. Ba zan tambaye ki sunanta a takarda ba.

Da girmamawa,
Marian Doyle

*

Mount Druitt, Satumba

Kelepi,

Ina gaishe ka da aiki, ina gaida Losa da jiki, da yara duka. Taniela ya ce an sauka lafiya, mace, mai ƙarar murya. Mun gode wa Ubangiji.

Ban taɓa amfani da matsayina a kanka ba. Ban taɓa shiga gidanka na ɗauki abin da na ga dama ba, yadda gwaggonmu ke yi wa baba, har da rediyonsa yana tsakiyar sauraron labarai. Yau zan yi amfani da shi, kuma ba shawara nake nema ba.

Sunan yarinya Melenaite, sunan mama. Za ta zauna a gidan uwar da ta ɗauki cikinta. In ka kawo ta ƙofata da kayanta, zan mayar da ita da kaina, in kuma kwaso maka talabijin da injin yankan ciyawa a hanyar dawowa. Ka ba Losa haƙuri. Ka sa mace mai tsohon ciki kuka saboda ni, ba ka tambaye ni ba. Ka kuma manta abin da baba ke faɗa in ya sha kava, cewa ya girma yana kallon uwarsa ta gaske daga wancan gefen coci. Ina da 'ya, Kelepi. Tana maƙabarta, ba gurbi ba ce da za a cike.

Abin da aka faɗa a ɗakin nan ba za mu ambace shi ba, yau ko gobe. Ka yi daidai da ka fita. Na ji ƙarar takalminka a matakala, na gode maka a raina. Abin da ban gode ba shi ne abin da ya biyo baya. Ka zo har ƙofata, ina bayan labule ina kallonka, ka ajiye lemo kamar ɗan aike ka tafi. Na bar shi ya ruɓe don in ga ko za ka dawo ka yi faɗa. Ba ka dawo ba. Kana can kana rubuta wa Baturiya wasiƙu.

Akwai magana ɗaya da babu al'adar da ta hana ka ji, domin ba ta jiki ba ce, ba ta ɗaki ba ce. An faɗa maka an kwantar da ni saboda gajiya. Taniela ne ya faɗi haka don ya rufa mini asiri. Niyyar kashe kaina na yi. Tabarmin da na raba, gado nake rabawa. Matar da ka ce ta bar mu ita ce ta gane, daga wasiƙarka. Ka zauna da wannan yadda za ka iya. Ni ma da shi nake zaune.

Zan koma wurinta. Ba don na yafe ba. Ta riga ta yi karatunta a kaina, na biya da abin da ba zai dawo ba, ba zan je wani sabo ya fara nasa daga farko ba. Amma ba zan iya zuwa ni kaɗai a karon farko ba, Taniela kuma in ya kai ni zai yi ta tambaya a hanya. Kai ba ka tambaya. Ranar Alhamis da hantsi za ka kai ni, ka zauna a mota, ka dawo da ni. Ba za ka shiga ba, ba za ka yi mata magana ba. Ni a kujerar baya zan zauna.

Ka zo da lemo. Wannan karon ka ƙwanƙwasa.

Ƙanwarka,
Akanesi

*

Griffith, Satumba

Dakta,

Gaisuwa.

Ranar Alhamis za ki ga farar mota mai laka a ƙarƙashin bishiyar da ke kallon tagarki. Ni ne. Kada ki fito gaishe ni, kada ki ɗaga mini hannu. Ƙorafin da na aika ba zan janye shi ba, amma na sake rubuta musu na ce a cire maganar 'yan sanda. Ta ranar farko kuwa, ban sauka daga ko kalma ɗaya ba.

Za ki tarar da kwalin lemo a wurin mai karɓar baƙi. Ba na farkon kaka ba ne, wancan yana da mai shi.

Komai tsawon zaman, ina waje. Kada ki kalli agogo saboda ni.

Allah ya kiyaye ki.
Kelepi Havili